Murar tsuntsaye a madarar shanu: amsa ga mai sana'ar kindirmo

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sana'ar kindirmo da fura, wadda kuma take da 'yan kaji da agwagi a bayan gida. Ta ce ta ji a rediyo wai murar tsuntsaye ta shiga shanu a Amurka har an same ta a cikin madara, kuma tun ranar hankalinta bai kwanta ba. Tana son ta san ko maganar gaskiya ce, ko abin zai iya zuwa nan, kuma ko ta ci gaba da sayar wa mutane nono.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a sana'a. Abin da kika ji gaskiya ne, ba ƙarin gishirin 'yan jarida ba ne. Amma ki ci gaba da sana'arki. Madarar da aka tafasa ta tafasu ba ta ɗaukar wannan cuta, an gwada an sake gwadawa, kuma kindirmo na ainihi da dafaffiyar madara ake yin sa. Ba a kuma tabbatar da cutar a shanun Najeriya ko na Nijar ba. A matsayina na likitan dabbobi, abin da ya fi tsaya min a rai a cikin wasiƙarki shi ne kajin nan da agwagin da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Zan zo kansu. Bari in fara ba ki labarin daga tushe, domin wanda ya san asalin abu ba ya firgita da kowace jita-jita.

Ƙwayar da ake magana a kai sunanta H5N1. An fara ganin kakarta a jikin dinya ta gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. Da shekara ta zagayo ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka hallaka kajin yankin kaf, fiye da miliyan ɗaya. Ta lafa, ta sake tasowa a 2003, a 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai na ƙasar Sin, daga nan ta bi masu ƙaura ta yi yamma. Mu nan ba baƙuwa ba ce. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da ita, a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an same ta a agwagi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Masu binciken da suka duba ƙwayoyin da aka samu a wancan lokaci sun nuna cewa ba sau ɗaya ta shigo Najeriya ba, aƙalla ta hanyoyi uku daban-daban ta shigo. A Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu da ita a Legas, bayan an fige kaza an gyara a gidansu. Ta dawo mana a 2015, ta sake dawowa a 2021, kuma kusan kullum da sanyin hunturu take bugowa, lokacin da tsuntsayen Turai da Asiya ke sauka a fadamun Haɗeja zuwa Nguru da bakin tafkin Chadi.

Duk tsawon shekarun nan muna ɗaukarta cutar masu fuka-fuki, wadda kan yi tsalle ta kama mutum jefi-jefi. Daga 2020 al'amarin ya canza. Wani reshe nata da masana ke kira 2.3.4.4b ya bazu yadda ba a taɓa gani ba. A Janairun 2021 ya kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na Senigal. A ƙarshen shekarar ya ƙetare teku ya sauka Kanada, a 2022 ya gangara nahiyar Kudancin Amurka, inda ya kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa, irin masu kama da ayu, a gaɓar Peru. A Ajantina, a gaɓa guda, 'ya'yan irin waɗannan dabbobi kusan 17,000 suka mutu a 2023. A farkon 2024 ya isa Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. A Sifen kuma ya shiga gonar wasu 'yan dabbobi masu kama da tunku da ake kiwo saboda gashinsu, ya riƙa bi daga keji zuwa keji. Duk da haka, da kin tambaye ni a 2023 ko za ta kama saniya, da na ce miki da wuya. Haka aka koyar da mu, cewa irin wannan mura ba ta cika damun shanu ba.

To, a farkon 2024 shanun tatsa a arewacin jihar Teksas suka fara wani ciwo da ya gagari kowa. Saniya ta rage cin abinci, ta daina tuƙa, jikinta ya yi zafi, madara ta ƙafe kusan dare ɗaya, ɗan abin da ya fito kuma ya yi kauri ya yi rawaya kamar dakashi, alhali ba haihuwa ta yi ba. Likitoci suka gwada duk cututtukan shanu da suka sani, ba su sami komai ba. An zargi abinci, an zargi ruwa. Abin da ya tona asirin shi ne kyanwoyi. A gonakin ana ganin matattun tantabaru da wasu tsuntsaye, sannan magunan da ke lasar ɗanyar madara suka fara makancewa, suna zagaye wuri ɗaya, suna faɗuwa. A wata gona mai kyanwa kusan 24, fiye da rabi suka mutu cikin 'yan kwanaki. Wata likitar dabbobi ta haɗa wannan da wancan, ta aika madarar da gawar kyanwoyin zuwa ɗakin gwaji na jami'ar jihar Ayowa, can aka gwada murar tsuntsaye, sai ga ta. Ranar 25 ga Maris 2024 gwamnatin Amurka ta sanar. Da aka bi salsalar ƙwayar, sai aka gane tun wajen ƙarshen 2023 ta tsallaka daga tsuntsun daji zuwa saniya. Wato ta yi kamar wata huɗu tana yawo a cikin garke, ana loda shanu a mota ana kai su wasu jihohi, ba wanda ya sani. Zuwa tsakiyar 2025 an tabbatar da ita a garke fiye da 1,000 a jihohi 17, fiye da 700 daga ciki a Kalifoniya kaɗai.

Ni wannan wata huɗun ne ya fi girgiza ni. Ƙasa ce mai ɗakunan gwaji a kowace jiha, amma ba wanda ya gwada, saboda kowa ya riga ya yanke cewa saniya ba ta kamuwa.

Me ya sa hantsa, ba huhu ba? Nan binciken ya yi daɗi. Kin san ƙugiyar da ake ciro guga da ita idan ya faɗa rijiya: sai ta sami abin da za ta maƙale sannan ta yi aiki. Ƙwayar mura ma tana da ƙugiyoyi a bayanta, kuma sai ta sami irin mariƙin da ya dace da ita a jikin halitta kafin ta shiga. Mariƙin da ke cikin hanjin tsuntsu da maƙogwaronsa iri ɗaya ne, wanda ya fi yawa a hancin mutum da maƙogwaronsa kuma wani iri ne daban. Shi ya sa murar tsuntsaye ke wahalar kama mu. Da aka yanka hantsar saniya aka duba a madubin likita, sai aka tarar cike take da irin mariƙin tsuntsaye. Ƙwayar tana shiga ta kan nono sai ta tarar da gida shararre, ta yi ta hayayyafa, har a sami miliyoyinta a cikin 'yan ɗigon madara.

An tabbatar da wannan da gwaji a 2024, a jami'ar jihar Kansas da kuma cibiyar Friedrich Loeffler ta Jamus. A Kansas an sa wa maruƙa ƙwayar ta hanci da baki. Ciwon da suka yi kaɗan ne, kuma maruƙan da aka haɗa su da su a ɗaki ɗaya ba su kamu ba. A Jamus an sa wa shanu masu shayarwa ta kan nono, sai suka yi ciwon hantsa mai tsanani da zazzaɓi, madara ta ƙafe. Jamusawan ba su tsaya ga ƙwayar Amurka ba, sun gwada wadda suka samo daga tsuntsun daji a Turai, ita ma ta kama hantsa. Ki riƙe wannan, domin ma'anarsa ita ce ba wata baiwa ta musamman ƙwayar Amurka ke da ita ba. Wadda ke zuwa mana da hunturu 'yar gida ɗaya ce da su. An ma sake ganin haka a farkon 2025, lokacin da wani nau'in daban ya tsallaka daga tsuntsaye zuwa shanu a jihohin Nebada da Arizona, aka kuma same ta a wata tunkiya a Ingila a watan Maris, ita ma a madararta.

Abin da ya yaɗa ta a Amurka, galibi, yadda suke tatsa ne da yadda suke jigilar shanu. Garke ɗaya kan kai saniya dubbai, injin tatsa ɗaya yana bi daga hantsa zuwa hantsa, kuma an nuna ƙwayar tana rayuwa fiye da awa ɗaya a ragowar madarar da ke jikin robar injin. Wannan ɗan sauƙi ne gare mu, tunda shanun ruga ba su da wannan cunkoso. Sai dai ki tuna yadda ake tatsa a ruga: hannu ɗaya ne ke bin shanu goma ko ashirin, a jiƙa yatsu da madarar wannan a kama nonon waccan, ɗan maraƙi ya tsotsa ya saki, ga kaji suna tono a ƙarƙashin shanun, ga balbela a bayansu. Hanyar tana nan, ƙanƙanta kawai ta yi.

Yanzu ga ƙwaryarki. Da labarin ya fito, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sayo madara daga kantuna ta gwada, sai ta sami ɓurɓushin ƙwayar a kusan ɗaya cikin biyar. Mutane suka tsorata. Amma gwajin da aka yi na farko yana gano ƙwaya ko da matacciya ce, kamar yadda za ki ga toka ki san an hura wuta. Don a san ko tana da rai, sai a ɗura samfurin a cikin ƙwai mai ɗan tsako a ajiye a ɗumi a ga ko za ta tsiro, irin aikin da mu ma muke yi a nan. An yi haka da samfuri 297 na kayan madarar kanti, ba a sami mai rai ko ɗaya ba. Zafin da kamfanoni ke ba madara, digiri 72 na daƙiƙa 15 ko digiri 63 na minti 30, ya gama da ita. Tafasar da kike yi a tukunya har madara ta taso ta kai wajen digiri 100, ta wuce nasu nesa.

Ɗanyar madara kuwa labarinta daban. A jami'ar Wisconsin an ɗura wa ɓeraye ɗanyar madarar saniya mai cutar, washegari suka fara nuna alamun ciwo, aka tarar da ƙwayar a huhunsu. An ajiye irin madarar a sanyin firiji har mako biyar, ƙwayar tana nan da ranta. Sanyi adana ta yake yi, kada wani ya ce miki firiji na kashe cuta.

Na san za ki ce, to nonon da ya yi tsami fa? Tambaya ce mai kyau, domin ba kowane nonon da ake kawowa kasuwa ne aka dafa madararsa ba, wasu kan bar ɗanyar ta kwana ta yi tsami, a kaɗe mai a kawo. Ƙwayar mura ba ta son tsami, wannan haka yake. A ma'aunin tsami, sabuwar madara tana wajen 6.6, kuma lambar tana raguwa ne yayin da tsami ke ƙaruwa, har nonon da ya kama sosai ya sauko wajen 4.5 ko ƙasa. A jami'ar Cornell an yi cuku da ɗanyar madara mai ƙwayar. Wanda tsaminsa ya tsaya a 6.6 da 5.8, ƙwayar ta rayu a cikinsa har bayan kwana 60 na ajiya. Wanda aka saukar zuwa 5.0 ba a same ta da rai ba. Wannan ya shafi masu son cuku irin wanda ake yi da ɗanyar madara a shanya. Amma ni ba zan ce ki dogara da tsami ba. Ba ki da abin auna shi, kuma da hunturu, lokacin da cutar ta fi yawo, nono kan daɗe bai kama ba. Wuta ba ta da wannan shakka. Ki tafasa, ki rufe ta huce, ki zuba irin jiya, kada kuma ki bari ludayin da ya taɓa ɗanya ya koma cikin dafaffiya. Idan sarin nono kike yi ba madara ba, ki tambayi mai kawo miki ko tana dafawa, ki tsaya ga wadda kika yarda da ita ko da ta fi tsada da 'yan kuɗi.

A nan zan ɗan ratse, don akwai abin da ya daɗe yana ci min rai. Muna tsoron cutar da ke Teksas, alhali ɗanyar madararmu ta daɗe tana ɗauke da nata. Bakkale, wadda ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa, tana shiga mutum ta ɗanyar madara da kuma hannun da ya taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Mutum ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi da na baya, a ba shi maganin cizon sauro, a ba shi na taifod, wata da watanni ba sauƙi, alhali maganinta na mako shida ne idan an gane ta. Ga kuma tarin fuka na shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 140,000 ne suka kamu da tarin fuka daga dabbobi a 2019, kuma Afirka na cikin inda abin ya fi yawa. Waɗannan biyun sun fi ƙwayar mura jure tsami. Tafasar nan guda ɗaya tana maganin su duka. Yaron da ake miƙa wa madara da ɗuminta daga hantsa don ya yi ƙarfi, shi nake tausaya wa.

Mutanen da suka kamu a Amurka ba masu sayen madarar kanti ba ne. Na farko da ya ɗauka daga shanu mai aikin tatsa ne a Teksas, a farkon Afrilun 2024, kuma abin da ya same shi jan ido ne da ruwa, kamar afolo. Ido ma yana da irin mariƙin tsuntsaye, madara ta fantsama ko mutum ya murza ido da jiƙaƙƙen hannu, shi ke nan. Zuwa farkon 2025 an ƙirga mutum 70, mafi yawansu ma'aikatan gonakin shanu da na kaji, kuma galibi ciwon bai yi tsanani ba. Da aka ɗebi jinin ma'aikata 115 a jihohin Mishigan da Kolorado, 8 sun nuna alamar sun taɓa kamuwa, rabinsu ba su ma tuna sun yi ciwo ba. Amma kada wannan ya sa a raina ta. A Nuwamban 2024 wata yarinya 'yar shekara 13 a Kanada ta yi makonni a ɗakin masu tsananin ciwo kafin Allah ya tashi kafaɗunta. A Janairun 2025 wani dattijo a Luwiziyana ya rasu, kuma daga kajin bayan gidansa da tsuntsayen daji ya ɗauka. Tun daga 2003 zuwa farkon 2024, cikin mutum kusan 890 da aka tabbatar sun kamu a duniya, fiye da 460 sun rasu, Masar da Indunusiya ne kan gaba. Gaskiya ne masu ciwo mai sauƙi ba sa zuwa asibiti balle a ƙirga su, don haka lissafin ya fi ainihin haɗarin muni. Ko da an rage, ba ƙaramar cuta ba ce.

Har yanzu ba ta iya bi daga mutum zuwa mutum yadda murar da muka saba ke yi, kuma wannan ne katangar da ta rage. Abin da ke hana masana barci shi ne kaurin katangar. A Disamban 2024 masu bincike a cibiyar Scripps ta Kalifoniya suka nuna cewa canji guda ɗaya tak a jikin ƙugiyar ya isa ya sa ta koma kama mariƙin mutum. A ɗakin gwaji aka yi, a kan ƙugiyar kaɗai, kuma ƙwayar tana buƙatar wasu canje-canjen kafin ta iya yawo a iska tsakanin mutane. Sai dai duk saniyar da ta kamu, duk mai tatsar da ya kamu, wata dama ce ta sake gwadawa. Akwai kuma gajeriyar hanya. Kayan gādon ƙwayar mura gutsure takwas ne, idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya sai 'ya'yansu su ɗebi wasu daga nan wasu daga can. Haka aka sami murar da ta zagaye duniya a 2009, daga alade. Masu bincike na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato sun wallafa a 2018 cewa sun ga shaidar H5N1 a jikin aladu a Najeriya. Wato tsallakawa zuwa dabba mai shayarwa ta riga ta faru a ƙasarmu.

Shi ya sa na ce kajinki suka fi damuna. Wata shekara da hunturu aka kira mu wata gona da ake zargin cutar ta shiga. Da muka isa da hantsi, ɗakunan kajin fayau, sai gashi da ƙafafun takalma a cikin kashi. Kajin sun fara mutuwa kwana uku da suka wuce, mai gonar ya ga jarinsa zai tafi, sai ya kira dillalai cikin dare suka kwashe masu sauran numfashi a kan rabin kuɗi. A bayan katanga na tarar da yara uku, babbansu bai fi shekara goma sha biyu ba, suna fige waɗanda aka yanka da gaggawa. Ba safar hannu, ba komai a fuska, gashi yana tashi yana manne musu a gira, ƙaramin yana share majina da bayan hannunsa mai jini. Na tsaya na kasa magana. Ban ga laifin yaran ba, kuma ko mai gonar na fahimci abin da ya tura shi: a 2006 naira 250 aka fara biya diyyar kaza ɗaya, kuma mai kiwo ya san diyya kan yi nawa. A Amurka ma haka aka yi fama, masu gonaki suna hana a shiga gwaji don tsoron asara, ma'aikata baƙin haure suna ɓoye ciwon ido don tsoron kora. Amma kajin daren nan sun shiga kasuwa, sun kwana a keji ɗaya da na wasu, wani ya saya ya kai gida ya sake a tsakar gida.

Don haka ga abin da nake roƙonki. Kazar da kika sayo a kasuwa kada ta haɗu da naki sai ta yi mako biyu a ware. Ki raba agwagi da kaji in da hali, domin agwagwa kan ɗauki ƙwayar ta yi ta zubar da ita a kashi da ruwa ba tare da ta nuna ciwo ba, musamman mai zuwa kududdufi inda tsuntsayen daji ke sauka. Idan kika wayi gari kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, zankonsu ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafafu sun yi ja kamar an ƙuje, kada ki ce bari a yanka kafin su mutu. Na san yadda asara take da ciwo, na kuma san ana ganin yankawa ceton dukiya ne. Naman da ya dahu sosai ba ya ba da cutar, amma kafin ya kai tukunya akwai mai yanka, akwai mai fige, akwai mai ciro kayan ciki, kuma a nan ake kamuwa. Da ido ba a bambanta ta da cutar Niyukasil da ke share kajin gida duk shekara, sai an kai samfuri ɗakin gwaji, don haka ki sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa. Matattun a sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi inda kare da kyanwa ba za su tono ba, a wanke hannu da sabulu, yara kuma su yi nesa. Wanda ya taɓa su, in ya ji zazzaɓi ko tari ko jan ido cikin kwana goma, ya je asibiti ya faɗi da bakinsa cewa ya taɓa matattun kaji. Akwai magani, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, kuma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko.

Ki kuma isar min da saƙo ga masu kawo miki madara, don su ne za su fara gani kafin kowane likita. Idan shanu da yawa suka ƙafe lokaci ɗaya, madara ta koma kamar dakashi ba tare da haihuwa ba, musamman in kaji ko kyanwoyin rugar suna mutuwa, kada a sha, kada a sayar, kada a ba maraƙi ko kyanwa, kada kuma a zubar inda kaji za su sha. Mai ciwon a tatse ta a ƙarshe, a wanke hannu kafin a taɓa ido. Akasarin shanun da suka kamu a Amurka sun warke cikin 'yan makonni, ko da yake madararsu kan daɗe ba ta koma yadda take ba, don haka faɗa wa likita ba yana nufin rasa saniya ba.

Akwai wata al'ada kuma da nake gani wajen masu turkar shanu da raguna a cikin gari, ta haɗa musu kashin kajin gona da dusa don su yi ƙiba da araha. In kina da mai yin haka a gida, ki ce masa ya san gonar da yake ɗebowa, kuma daga Disamba zuwa Maris, ko duk lokacin da aka ji kaji na mutuwa a yankin, ya haƙura da shi ya nemi harawa da ƙaiƙayi.